Gamanar 'Yar Birni

Akwai wani ɗan ƙwaro mai cin ganyen kuɓewa. Bai kai ƙwayar dawa girma ba. Wani ja-ja ne, wani baƙi mai sheƙi, in aka kai masa hannu sai ya yi tsalle ya ɓace kamar ƙuma. A Dakoro ban taɓa jin an kira shi da wani suna na kirki ba, ƙumar ganye kawai mata ke ce masa. Na san shi fiye da yadda na san wasu dangina, domin damina guda na yi a durƙushe ina kallonsa.

Ni 'yar Maraɗi ce, cikin gari. Babana fataucin hatsi yake yi tsakanin Maraɗi da Najeriya, cikin buhuna da tiyar awo na tashi. Tun ina ƙarama na san abin da ke tsada da rani da abin da ke araha da kaka, amma ban taɓa riƙe hauya ba. Mijina na fari yana kawo wa babana hatsi daga Dakoro, a zaurenmu muka ga juna, ya so ni, na so shi, aka ɗaura. A shekarar da aka ce nasara sun miƙa mulki na haifi ɗiya. Tana fara tafiya ubanta ya tafi kudu neman kuɗi, ya bar mini damman hatsin da za su kai ni damina. Da fari saƙo na zuwa ta bakin matafiya. Daga baya shiru.

Na zauna a gidansu, hannun uwarsa da wansa. Wan shi ke riƙe da gandu, wato babbar gonar gida da rumbunta, amma tsohuwar ita ke riƙe da shi. A can al'adar haka take: da an gama girbi an fitar da abin fitarwa, sai mai gida ya liƙe bakin rumbun gandu da laka, ba a sake buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka. Tsawon rani kowace mace ita ke ci da kanta da 'ya'yanta daga gamanarta, 'yar gonar da ake yanka wa mace ta kanta. Wadda ba ta da abin ci, ta tafi gidan iyayenta ta jira damina. Yaron da aka yaye kuwa ba ya bin uwa, na gidan ubansa ne.

Wannan duka na sani. Na kuma san mijina yana da ƙanwa a Korahane, ta daɗe da aure ba haihuwa. Duk zuwan da za ta yi sai ta goya ɗiyata ta yi ta yawo da ita gida gida, tana cewa, "Ku dube ta, ai hancina ne." Ni ba ni da bakin magana. Ɗiyar fari ce, ana kunyarta. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi sai in kau da kai in bar wani ya ɗaga ta. Haka uwata ta yi mini, haka na ga ana yi.

Da hadari ya fara taruwa a gabas, wata safiya tsohuwar ta kira ni.

"'Yar birni, zo nan. Bana ke ma za ki yi gamana. Ɗiyarki an yaye ta, mijinki ba labari. Rumbu kuwa in an liƙe shi an liƙe."

Na ce, "To, Inna."

Ta kai ni da kanta. Muka wuce gandu, muka wuce gamanun matan gidan da ke kan jigawa, muka gangara har bakin wani kwari inda ruwa ke kwanciya. Ƙasar wurin baƙa ce, duk ta tsattsage, busassun karan ramar daji sun cika gefenta. Ko ni da ban san noma ba na ga ta fi rairayin sama ƙarfi. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata ashe matar nan tana sona, baki ne kawai gare ta.

"Mi za ki sa?" ta tambaye ni.

Na riga na yi tunanina tun a hanya. A rumfar babana na ga yadda tiyar busasshiyar kuɓewa ke sayen tiyoyin hatsi da rani, yakuwa ma haka, ganyenta, furenta, har ƙwayarta ta daudawa, ba abin yarwa. Na ce mata kuɓewa da yakuwa zan cika wurin da su, in busar, in aika Maraɗi, in sayi hatsi. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta yi murmushi.

"Ɗiyar fatake ke nan. Mu nan kanmu bai kai can ba."

Da maraice ta ɗauko wata gora daga rataye ta zazzage mini irin kuɓewarta, wanda ba ta ba kowa. Ta ce, "Da ruwan fari ki shuka. Kada ki jira kowa. Na yafe miki aikin gandu har ki gama."

Wan mijina yana zaune yana gyaran ƙotar sungumi. Ya ɗago ya ce, "Inna, ba ta sa hatsi ko kaɗan a ciki?"

"Bar ta. Ta fi ka lissafi."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Ruwa ya sauka, gari duka ya fita shukar hatsi, ni na gangara kwari da goyo a baya. Hannuna ya yi bororo ya fashe, ban damu ba. Sauran matan gidan kuwa, hatsi da wake suka zuba a gamanunsu. Na lura ba wadda ta taɓa irin kuɓewa, na ce ko sun raina ta ne. Sai can da hatsi ya kai idon sawu na ga suna ɗan sa ta a gefe gefe, layi ɗaya ko biyu.

Tawa ta tsiro kamar an shimfiɗa kore. Kowace da kunnuwa biyu, zagaye, masu laushi. Ina zuwa da sassafe in zaunar da yarinyar a gindin wata sabara, a nan ba kowa, sai in kira sunanta yadda nake so, in nuna mata in ce, "Kin ga tuwonmu na rani." Tana dariya tana cin ƙasa.

Wata safiya na ga huji a kunnen wata. Ƙarami, kamar an soka ƙaya. Na duba ta kusa da ita, ita ma haka. Na kai hannu, sai na ji wani ɗan tas-tas a cikin ganye kamar yayyafi ya fara, abubuwa na tashi suna faɗuwa. Kafin kasuwa ta zagayo, layukan da ke bakin kwarin sun zama rariya. Sai ka ɗaga ganye ka ga rana ta cikinsa.

Ba wanda zan tambaya ba tare da an yi mini dariya ba, don haka na zauna na kalli abin da kaina. Daga cikin ramar dajin nan suke fitowa, wadda ta tsiro da ruwan fari, wasu kuma na gan su suna hawowa daga tsagar ƙasa. Da sanyin safiya, in raɓa ta jiƙa su, ba su da kuzari, har kana iya kama ɗaya. Da rana ta yi zafi sai su koma ƙarƙashin ganye, daga nan suke kankara a hankali har su ɓulla sama. Kuɓewa suka fi so, musamman jaririya. In ta ƙare su koma yakuwa. Lalon da ya fito da kansa su ɗan taɓa shi. Amma tafasa tana nan tsaye a tsakiyarsu ba huji ko ɗaya. Gujiyar maƙwabcinmu tana iyaka da ni, ba su dube ta ba. Na taɓa kama ɗaya na hau da shi jigawa na ajiye shi a kan ganyen hatsi. Ya tsaya, ya motsa 'yan gashin kansa, ya yi tafiya kaɗan, ya yi tsalle ya bar shi. Ya san abin da yake ci, ba ya kuskure. Da na sa hatsi a rabin wurin nan, da rabin ya tsira. Ni kuwa na share masa fili tun daga bakin ƙofarsa na cika da abin da ya fi so, na kuma yi sammako na riga kowa.

Kuɓewar da ta yi ganye huɗu ko biyar tana iya jurewa, ta rame amma ta rayu. Mai kunne biyu in an huda ta sai ta bushe a tsaye. Na sake shuka inda ya mutu da ɗan irin da ya rage, suka jira ta fito suka cinye.

Wata rana na hau neman ruwan sha sai na tarar da tsohuwar a gamanarta, da ƙwarya a hannu, tana barbaɗa wani abu fari a kan 'yan layukan kuɓewarta tun raɓa ba ta bushe ba. Toka ce. Na tsaya har ta gama.

"Inna, tokar nan magani ce?"

"Haka muka ga ana yi."

"Ko za a sam mini kaɗan daga ta murhu?"

Ta kakkaɓe ƙwaryar a cinyarta. "Toka ta mai murhu ce, 'yar birni. Kina da murhu?"

Ba ni da shi. Da damina tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, a murhunta, kuma kowace safiya da kanta take kwashe tokar ta zuba a wani fasasshen tulu a bayan ɗakinta. Na tambayi sauran matan, kowace ta ce tata ko ita ba ta isa ba. Suna faɗa suna duban ƙofar tsohuwar.

Na tsinci kara da kashin shanu na ƙona, amma da damina komai a jiƙe yake, abin da na samu bai rufe layi biyu ba. Sai na fitar da gadona na kara na ƙone shi a bayan gida, na haɗa da zanar da ta kare ƙofar ɗakina. Tokar ta cika ƙwarya babba. Na barbaɗa da asuba, na ga sun ja baya, ranar har waƙa na yi wa yarinyar. Kashegari ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya ya wanke komai.

Labarin gadon ya riga ni zuwa rijiya. Ina isa wata ta ce, "Ga amaryar ƙwaro nan. An ce har gado kika kai masa."

Wata ta ce, "Saura tabarma da tukwane, kayan ɗaki su cika."

"Ku bar ta, a birni haka ake noma. Ba ku ga hannunta ba?"

Na yi murmushi na zura gugana. Ban iya maida magana ba, har yau ban iya ba.

Ba ɓoye mini aka yi ba, a gabana aka faɗa. Ƙanwar mijina ta zo daga Korahane lokacin da kuɓewar jigawa ta fara 'ya'ya. Muna tsakar gida, ina daka, tsohuwar ta zube mata ɗanya a faifai, dogaye, masu santsi.

Ƙanwar ta ce, "Inna, bana kuɓewarku ta yi kyau. Ina ƙumar?"

"Tana ƙasa, an yi mata walima. Kowace shekara daga kwarin nan take tasowa ta hau mana, mu yi ta fama da toka. Bana mun samu mai karɓar mana baƙi." Ta juyo ta dube ni. "Ko ba haka ba, 'yar birni? Allah ya yi miki albarka."

Suka yi dariya. Ƙanwar tana riƙe da yarinyar a cinya, tana tsefe mata kai. Na ce, "Amin, Inna." Na ci gaba da daka.

Abin da ya rayu a gamanata ya yi fure a makare. Suka bi furen, suka bi 'ya'yan tun suna ƙanana suka kankare musu baya, suka fito a lanƙwashe da tabo. Na yanka, na shanya. Duka da yakuwar da na tsinta bai cika kwando ɗaya ba. Na yi lissafin da na iya, ta kowace hanya na juya shi, ba zai ci da mu wata guda ba.

Ban zauna ba. Na je gidan wasu fatake a cikin gari na roƙi su ba ni daka da ɗiban ruwa a biya ni da hatsi, matar gidan ta yarda. Kwana kaɗan na yi, tsohuwar ta aika aka ce musu matar ɗanta ba baiwar kowa ba ce, kada su ja wa gidanta zagi. Matar ta ba ni haƙuri a bakin ƙofa, ta cusa mini goro a hannu.

Ranar liƙe rumbu wan mijina ya kwaɓa laka da kansa, ya hau. Ina tsaye a ƙasa da tulun ruwan da ya ce in kawo. Na ce masa a hankali, "Yaya, ko dami kaɗan, aro, har ɗan'uwanka ya dawo."

Bai dube ni ba. Ya shafa lakar, ya daddanna da tafin hannu. Ya ce, "Miƙo ruwan."

Na miƙa.

Bayan haka ba a daɗe ba ƙanwar ta zo da jaki da sabon zane. Ba wanda ya ce mini ga abin da za a yi, an bar ni in gane. Tsohuwar ta ce kamyo, babbar motar ɗaukar gujiya, zai tashi zuwa Maraɗi da hantsi, ta yi wa direban magana ya tafi da ni. Na yi wa yarinyar wanka, na shafa mata mai. A tsakar gida mata sun taru suna kallo, su ga ko 'yar birni ta san kunya. Aka ɗora ta a bayan gwaggonta aka ɗaure da sabon zanen. Ta miƙo mini hannu ta kira ni. Na dubi ƙasa, kamar yadda ake yi.

Abu ɗaya na yi. Na shiga ɗaki na ƙulle busasshiyar kuɓewar nan a tsumma, na kawo wa ƙanwar. Na ce, "Tana son miyarta. Kada a sa yaji da yawa."

Ta karɓa ta jinjina ƙullin a hannu. Tsohuwar ta ce, "To, ga shi ba a yi asarar irina ba."

A cikin kamyo, a kan buhuna, na juya baya ga mutane, na kira sunan sau da yawa. Ƙarar inji ta rufe.

Da damina ta gabato na aika cewa zan dawo. Aka maido mini da amsa cewa tunda miji ya ɓata, an je gaban malamai an raba auren, ba ni da ɗaki a gidan. Na je Korahane har sau biyu a shekarun da suka biyo. Zuwan fari aka ce an kai ta wurin dangi a daji. Na biyu na gan ta, ta ɓuya a bayan gwaggonta, aka ce mata, "Gaida baƙuwa." Daga baya na yi wani auren, na haifi wasu, na shiga yaƙi da jahilci da furfura ta fara fito mini, shi ya sa nake iya rubuta wannan da hannuna.

Sai da ta yi aure ta haihu na sake zuwa, da turmin zane da sabulu. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa. Ɗiyata ta karɓe ni da ladabi, ta kira ni Inna ta Maraɗi, gwaggonta kuma Inna kawai. Damina ce. Bayan suna na ƙara kwanaki, wata safiya ta ce in raka ta bayan gida, tana da 'yan layukan kuɓewa a jikin danga. Ta ɗauko toka a ƙwarya tana barbaɗawa, ni ina riƙe da jaririn.

"Kin san ƙumar ganye, Inna ta Maraɗi?"

Na ce na sani.

"A gidan kakata akwai wani wuri a bakin kwari, har yau gamanar 'yar birni ake ce masa. Wai wata ce ta cika shi da kuɓewa tun ruwan fari, ƙwaro ya cinye, har ta ƙone gadonta." Ta yi 'yar dariya, ba ta daina barbaɗawa ba. "Da labarin aka yi mana wasa muna yara. In yarinya ta yi wauta sai a ce, ke, za ki ƙone gado."

Na ci gaba da jijjiga yaron.

"Suka ce ranar da za ta tafi, ɗiyarta ta miƙa mata hannu, ko dubanta ba ta yi ba. Ko hawaye. Ta hau mota abinta." Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe, irin na kakarta. "Haka aka yi?"

Gwaggonta tana can bakin danga tana shanya, ta tsaya da tsumma a hannu tana saurare.

Na ce, "Haka aka yi."

Ta gyaɗa kai, ta koma ga aikinta. Na ga a saman ganye kawai take zubawa. Na gyara yaron a kafaɗa, na durƙusa, na ɗebi tokar da hannu ɗaya, na ɗaga wani ganye da ɗan yatsa. Suna nan a ƙasa, uku ko huɗu, jajaye, raɓa ta riƙe su.

Na ce, "Ki riƙa sa wa ta ƙarƙashi. Daga nan suke ci."

Ta ce, "To." Ta karɓi ɗanta daga hannuna ta miƙa wa gwaggonta, ta bar ni da ƙwaryar. Na bi layin har ƙarshe, ganye bayan ganye.